YADDA AKE MAYAR DA SHARA ƘASAR RENON ITATUWA

Kowace damina ana dasa itatuwa masu yawa a ƙauyukanmu. Ana dasawa a gonaki, da makarantu, da bakin hanya, da ƙofar gida. Amma in rani ya zagayo aka je dubawa, sai a tarar da yawa sun mutu. In ka tambaya, sai a ce awaki ne suka cinye, ko a ce rashin ruwa ne. Gaskiya ne awaki suna ɓarna, fari kuma yana kisa. To, amma akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. Dashe da yawa tun yana cikin leda ya samu rauni, domin ƙasar da aka rene shi a ciki ba ta da kyau.

Ɗan itace yakan yi wata uku zuwa huɗu a cikin leda kafin a kai shi gona. A duk wannan lokaci ba shi da abinci sai abin da ke cikin ledar nan. Ba shi da ruwa sai wanda ƙasar ledar ta riƙe masa. In ƙasar ta yi kyau, saiwa za ta yi ƙarfi, ya jure wahalar rani. In ba ta yi kyau ba, an yi asarar iri, da ruwa, da wahalar wata huɗu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Abin farin ciki shi ne, kayan haɗa ƙasa mai kyau ba sai an je kanti ba. Suna nan a juji, da turken dabbobi, da bayan injin casar shinkafa. Su ne abubuwan da muke zubarwa ko mu cinna wa wuta. A wannan wata za mu yi bayanin yadda ake tara su, a ruɓar da su, a haɗa su, har su zama ƙasar reno.

AIKIN YANA DA YAWA

Tun bayan farin 1973 da na 1984 aka ƙara ba dashen itatuwa muhimmanci a ƙasar Hausa. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, a Jamhuriyar Nijar, an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 domin kare gonaki daga iska. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa katangar itatuwa daga Sanagal zuwa Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000. A 2015 Nijeriya ta kafa hukuma domin wannan aiki a jihohi 11 da hamada ta fi yi wa barazana. Su ne Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara.

Irin wannan aiki yana cin dashe mai ɗimbin yawa, kuma kowane dashe yana bukatar ƙasar da za a rene shi. In aka ce daga gona za a riƙa kwaso ta, an yi gyaran gangar auzinawa. Ƙasar sama ita ce mai albarka a gona, kuma kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba a wurare da yawa. Tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta taru. Wanda ya kankare ta domin cika leda ya talauta gonarsa. Amma in aka haɗa da ruɓaɓɓiyar shara, ƙasar da za a ɗiba ta ragu.

Wannan ba baƙon abu ba ne wurinmu. Tun kaka da kakanni manoman kewayen birnin Kano suke shiga gari da jakuna, su cika mangala da takin juji, su kai gona. Shi ya sa suke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da sun bar ta ta huta ba. Sai dai jujin yau ba irin na da ba ne. Yanzu akwai leda, da kwalba, da mataccen batir a ciki. Saboda haka sai an tsince, an zaɓa.

ABUBUWA HUƊU DA SAIWA TAKE SO

Kafin ka haɗa ƙasa, ya kamata ka san abin da saiwa take nema.

1. Ruwa. Ƙasar ta riƙe danshi daga safe zuwa yamma.

2. Iska. Saiwa tana numfashi kamar yadda muke yi. In ruwa ya kwanta a leda, iska ba ta shiga, sai saiwa ta ruɓe.

3. Abinci. Tana so ta riƙa samu kaɗan-kaɗan har ranar dashe.

4. Wurin kamawa. Ƙasar ta yi laushi yadda saiwa za ta ratsa, amma ta haɗe jikinta yadda ba za ta wargaje ba in an yage leda.

Yashi zalla yana barin iska ta shiga, amma ruwa zurarewa yake yi, kuma ba shi da abinci. Laka zalla tana riƙe ruwa fiye da kima, in ta bushe kuma sai ta ƙanƙame kamar tubali. Ruɓaɓɓen taki shi ne mai sasanta su. A cikin yashi yana riƙe ruwa kamar soso. A cikin laka yana buɗe ƙofofin iska. Ga shi kuma yana ba da abinci sannu a hankali.

SHARAR DA TAKE DA AMFANI

Duk abin da ya fito daga tsiro ko daga dabba yana ruɓewa. Amma an kasa su gida biyu, kuma sai an haɗa biyun aiki yake kyau.

Kashi na farko su ne busassu. Akwai ganyen da aka share a tsakar gida, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da ɓawon rake, da guntayen kara, da tsohuwar ciyawar jinka, da ɓuntun shinkafa, da garin katako. Waɗannan suna ba ƙasa jiki da laushi, amma suna daɗewa ba su ruɓe ba.

Kashi na biyu su ne ɗanyu da kashin dabbobi. Akwai kashin shanu, da na awaki da tumaki, da na jaki, da na kaji. Akwai ɗanyar ciyawa, da ɓawon doya da na dankali, da lalataccen tumatir da ganyen da ake zubarwa a kasuwa. Akwai kuma abin da mahauta suke zazzagewa daga tumbin dabba a mayanka. Waɗannan suna da sinadarin naitirojin, wato abin nan da ake sayen takin yuriya dominsa. Su ne suke sa taki ya ɗauki zafi ya ruɓe da sauri.

Kada a ɗauki abincin dabbobi a zuba a rami. Harawa da dusa a ba dabba ta ci, sannan a kwashe kashinta. An ci riba biyu ke nan.

Kowane yanki ya duba abin da ya fi yawa a wurinsa. Mutanen Kura, da Haɗeja, da Argungu suna da ɓuntun shinkafa tuli. In an cashe buhu biyar na shanshera, nauyin ɓuntun da zai fita ya kai kusan na buhu ɗaya. Mutanen fadamun Haɗeja da Nguru suna fama da ciyawar kacalla mai toshe hanyar ruwa. In an yanke ta kafin ta yi kai, aka daddatsa, ita ma tana zama taki. Wanda ke kusa da masu yankan katako yana da garin katako kusan kyauta.

Toka tana da amfani, amma kaɗan ake barbaɗawa. In ta yi yawa tana da kaifi irin na kanwa, sai ganyen dashe ya koma rawaya.

ABUBUWAN DA BA A SAWA

Waɗannan kada su shiga ramin takinka ko kaɗan:

1. Mataccen batir, na tocila ko na mota. Akwai guba a ciki wadda ba ta ruɓewa.

2. Leda, da roba, da kwalba, da gwangwani, da tsumman nailan.

3. Sharar asibiti ko ta kemis, kamar allura da auduga.

4. Baƙin mai, da fenti, da dattin kamfanonin jima ko na rini.

5. Mazubin maganin ƙwari ko na kashe ciyawa, da ciyawar da aka yi wa feshi kwanan nan.

6. Bayan gida, da kashin kare, da na kyanwa, da mushe. Suna ɗauke da cututtukan da ke kama mutum.

7. Tokar da aka samu daga ƙona bola mai leda da taya.

Wanda zai tsince shara ya sa takalmi, ya sa safar hannu ko ya ɗaura leda mai kauri. In ya gama ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Kada a sa yara ƙanana wannan aiki. Rigakafi ya fi magani.

DON ME SAI AN RUƁAR?

Wani zai ce, me zai hana in zuba kashin shanu kai tsaye a leda? Dalilai uku ne.

Na farko, ɗanyen kashi yana da zafi da gishiri, musamman na kaji. Yana ƙone saiwar ɗan tsiro cikin 'yan kwanaki.

Na biyu, ɗanyen garin katako da ɗanyen kara suna yi wa tsiro satar abinci. Akwai ƙananan halittu a ƙasa waɗanda ido ba ya gani, su ne masu ruɓar da shara. In suka samu busasshen abu, sai su janye naitirojin da ke cikin ƙasar domin su yi aikinsu. Tsiro sai ya rasa, ya yi rawaya, ya tsumbure.

Na uku, ɗanyar shara tana ɗauke da irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Har irin ƙuduji yana iya biyo ta, ka kai shi gonarka da hannunka. Amma in taki ya ɗauki zafi sosai, ma'aunin zafinsa yana kai 55 zuwa 65. Wannan zafi yana kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta.

YADDA AKE HAƊA TAKIN

A ƙasarmu mai zafi da iskar hunturu, rami ya fi tsibi, domin tsibi yana saurin bushewa.

1. Nemi inuwa kusa da ruwa, amma nesa da bakin rijiya. Haƙa rami biyu gefe da gefe. Kowanne ya yi tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1. Mita ɗaya ita ce babban taku ɗaya na namiji.

2. Shimfiɗa guntayen kara a ƙasan rami na farko domin iska ta samu hanya.

3. Zuba busasshiyar shara, kaurin taƙi ɗaya. In tana da tsawo a daddatsa ta. Yayyafa ruwa.

4. Zuba kashin dabbobi da ɗanyar shara a kai, kaurin yatsu huɗu.

5. Barbaɗa toka hannu biyu, da 'yar ƙasa ko tsohon taki. Sake yayyafa ruwa.

6. Ci gaba da haka, hawa-hawa, har rami ya cika ya yi tozo. Kada ka tattake.

7. Soka doguwar sanda a tsakiya har ƙasa. Rufe da tsohuwar tabarma, ko buhu, ko ciyawa.

Bayan kwana uku zuwa biyar, zaro sandar ka taɓa. In ka ji ta da zafi da danshi, aiki yana tafiya daidai. In ka ji ta a bushe da sanyi, ƙara ruwa. In ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa. Sai ka ƙara busasshen ganye ka juya. In ga danshi amma babu zafi, kashin dabbobi ne ya yi kaɗan.

Ga yadda ake gane ruwa ya yi daidai. Damƙi takin a hannu ka matse. Ya dunƙule, hannunka ya jiƙe, amma kada ruwa ya riƙa zuba.

Bayan mako biyu ko uku, kwashe takin da shebur ka juye a rami na biyu. Na sama ya koma ƙasa, na gefe ya koma tsakiya. Yayyafa ruwa in ya bushe. Sai ka riƙa juyawa haka daga rami zuwa rami. In ka juya sau uku ko huɗu, cikin wata biyu zuwa uku ya nuna. Wanda aka sa wa garin katako da yawa yana iya kai wata shida. Kada a yi masa gaggawa.

YADDA AKE GANE YA NUNA

Takin da ya nuna yana da alamomi huɗu. Ya yi baƙi-baƙi. Ya daina zafi ko an juya shi. Yana ƙamshi irin na ƙasa bayan ruwan farko. Ba ka iya gane wannan ganye ne, wancan kashi ne. Za ka ga kuma ya ragu, ya koma kusan rabin abin da ka zuba.

Duk da haka, gani ya kori ji. Yi wannan gwaji kafin ka cika leda ko ɗaya. Samo gwangwani biyu ka huda ƙasansu. Cika na farko da ƙasar gona zalla. Cika na biyu da rabi ƙasa, rabi takinka. Shuka ƙwayar wake 10 a kowanne, ka riƙa ba su ruwa daidai da juna. Bayan kwana goma ka ƙirga. In waken da ke cikin taki ya fito kamar ɗan'uwansa, ganyensa kore shar, takin ya yi. In kaɗan ne suka fito, ko ganye ya nannaɗe, ko bakinsa ya ƙone, to da saura. Mai da shi rami ya ƙara mako uku, sannan ka sake gwadawa. Asarar ƙwayar wake 20 ta fi asarar dashe 1,000 sauƙi.

In ya nuna, sai a tankaɗe shi da ragar waya mai idon da ɗan yatsa ba zai wuce ba. Tankaɗe yana fitar da tsakuwa, da guntun kwalba, da gwazarma. Abin da bai wuce ba a mai da shi sabon rami.

ƁUNTUN SHINKAFA

Ɓuntu yana da wuyar ruɓewa, amma akwai dabarar da ke sa ya yi amfani nan da nan. Ita ce a babbake shi ya zama gawayi.

Samo tsohuwar garwa ka huhhuda jikinta, ka yanke bakinta. Huda gindinta ka sa bututun ƙarfe mai tsawo domin hayaƙi. Hura 'yar wuta da itace a fili, ka kife garwar a kai. Sai ka tara busasshen ɓuntu kewaye da ita har ya rufe ta, bututun kaɗai ya fito. Wuta za ta riƙa cin sa daga ciki sannu a hankali. Duk inda ka ga ya yi baƙi a waje, ja wani ɓuntun ka rufe. In duka ya yi baƙi, baza shi da shebur ka kashe da ruwa sosai. Kada ka bari ya zama farar toka, domin amfaninsa ya ragu ke nan.

Babbakakken ɓuntu ba shi da nauyi, ba shi da irin ciyawa, kuma yana barin iska ta shiga ƙasa. Yana iya maye gurbin yashi. Ledar da aka haɗa da shi ta fi sauƙin ɗauka zuwa gona mai nisa. A yi wannan aiki nesa da ɗakin ciyawa da rumbu, ranar da babu iska, da ruwa a kusa.

YADDA AKE HAƊA ƘASAR

Yi awo da abu ɗaya, ko bokiti, ko kwanon birkila, ko baro.

Inda ƙasa take tsaka-tsaki: ƙasa awo 2, yashi ko babbakakken ɓuntu awo 1, taki awo 1.

Inda ƙasa jigawa ce mai rairayi: ƙasa awo 2, taki awo 1. Ba sai an ƙara yashi ba.

Inda ƙasa laka ce irin ta fadama: ƙasa awo 1, yashi ko ɓuntu awo 1, taki awo 1.

Kada taki ya wuce kashi ɗaya cikin uku. In ya yi yawa, ƙasa takan riƙe ruwa fiye da kima, ƙananan tsirrai su riƙa ruɓewa daga gindi suna faɗuwa. In takin na kashin kaji ne, a rage shi ƙasa da haka.

Cakuɗa su a bushe har launinsu ya zama ɗaya, sannan ka yayyafa ruwa kaɗan. Damƙi ka matse. In ta dunƙule, amma ka taɓa da yatsa ta marmashe, ta yi daidai. In ta ƙi dunƙulewa, ƙara ƙasa ko taki. In ta yi danƙo kamar ta ginin tukunya, ƙara yashi.

Ga wata dabara ga mai renon gawo, ko bagaruwa, ko dakwara. Ɗebo ƙasa kaɗan daga gindin tsohon itace irinsa ka cakuɗa a ciki. Akwai ƙananan halittu a wurin masu zama a jikin saiwa, suna samo wa itacen naitirojin daga iska. Irin ƙululun nan ne da kake gani a saiwar gyaɗa da wake. Kwano ɗaya ya isa baro guda.

MU YI LISSAFI

Ledar fiya wata tana cin rabin lita. Bokitin fenti babba yana cin lita 20. Ke nan bokiti ɗaya zai cika leda 40. Leda 1,000 tana bukatar bokiti 25. In ka yi awon 2, 1, 1, taki bokiti 6 da ɗan ɗori ya ishe ka.

Rami mai mita ɗaya kowane gefe yana cin lita 1,000 na shara. In ta ruɓe ta koma rabi, ka samu kimanin bokiti 25 na taki. Wannan zai ishi ledar fiya wata kusan 4,000, ko leda mai cin lita ɗaya kusan 2,000. Dubi abin da rami ɗaya yake yi.

LEDA DA KULA DA ITA

Ledar fiya wata da ke toshe mana magudanai ita ma tana da amfani a nan. Yanke bakinta, ka wanke, ka huda ƙasanta wuri huɗu zuwa shida. Ta dace da itacen da ba zai wuce wata biyu zuwa uku ba, kamar zogale da dogon yaro. Mangwaro, da yazawa, da lemo suna daɗewa a reno, saboda haka suna son babbar leda mai zurfi.

Cika leda kana bubbuga gindinta a ƙasa domin ta zauna. Kada ka danna da ƙarfi. Bar faɗin yatsa ɗaya a sama domin ruwa. Jera su a tsaye a inuwar rumfa, layi-layi, yadda hannu zai kai tsakiya. Ba su ruwa kwana biyu ko uku kafin shuka.

Irin dogon yaro ba ya ajiyuwa, a shuka shi da zarar an tsinto an wanke. Irin bagaruwa da na gawo suna da tauri. A goga gefen kowace ƙwaya a dutse, ko a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki. Zogale ba ya bukatar komai. Shuka ƙwaya biyu a leda, in duka sun fito ka bar mai ƙarfi.

Ba da ruwa safe da yamma, amma duba da yatsa tukuna. Ƙasa mai taki ba ta shan ruwa kamar yashi zalla. Kowane mako biyu ɗaga ledojin ka sauya musu wuri, domin kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Wadda ta leƙo a yanke ta da wuƙa mai kaifi. In saura mako uku a dasa, a rage ruwa, a janye rumfa kaɗan-kaɗan domin dashe ya saba da rana.

Ranar dashe a yage leda a cire ta gaba ɗaya, a sa dashe da ƙasarsa a rami. A tattara yagaggun ledojin, kada a bar su a gona, domin dabba in ta haɗiye leda tana iya mutuwa.

KOWANE AIKI DA LOKACINSA

Nuwamba da Disamba: tara shara bayan girbi, a cika rami. Lokacin ne ake cinna wa ƙaiƙayi da ɓuntu wuta, sai a riga masu ƙonawa.

Janairu da Fabrairu: juya taki, ana yayyafa ruwa.

Maris: gwajin wake, tankaɗe, haɗa ƙasa, cika leda.

Maris zuwa Afrilu: shuka iri.

Yuli zuwa farkon Agusta: dashe, bayan ruwa ya zauna sosai.

Yana da kyau a samu ɗan littafi a rubuta ranar da aka cika rami, da awon da aka yi, da yawan dashen da ya rayu. Baɗi sai a san awon da ya fi dacewa da ƙasar garinku.

Aikin ya fi sauƙi in an haɗa kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar mata ko ta matasa tana iya haƙa rami a bayan gari. Kowane gida ya ware sharar da ke ruɓewa daban, leda da kwalba daban. Gari zai yi tsabta, hayaƙin ƙona bola zai ragu. Dashen mangwaro, da gwaiba, da zogale kuma abin sayarwa ne a kasuwa. Wanda yake son ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona ko ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukumarsa.

Jama'a, bana kada mu jira sai ruwa ya sauka mu fara neman dashe. Da zarar an gama girbi, a haƙa rami, a tara shara. Itacen da zai ba 'ya'yanmu inuwa daga cikin wannan ramin zai fara.